Manya sun rubuta labarin ofis, wa zai rubuta na tsakar gida?

Tun daga ranar 20 ga Fabrairun 2025, da tsohon shugaban ƙasa na mulkin soja, Janar Ibrahim Badamasi Babangida, ya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja, maganar littafi ta dawo bakin mutanen da suka daɗe rabonsu da buɗe shafi. An yi muhawara a gidajen rediyo da teburan masu shayi da shafukan sada zumunta. Wasu sun karanta littafin daga farko har ƙarshe, wasu kuma guntayen shafukan da ke yawo a waya kawai suka gani, amma kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Wannan abin farin ciki ne, domin gardama a kan littafi ta fi gardama a kan jita-jita. Sai dai duk wanda ya ɗauki bazara da damina da kaka da hunturun da suka biyo baya yana karanta tarihin rayuwar shugabannin Arewa, yana haɗawa da ƙagaggun labaran marubutan yankin, zai tashi da wani abu da zai tsaya masa a rai. Littattafan manya suna ba da labarin yadda aka yanke hukunci a ofis da fada da bariki. Ƙagaggun labarai ne ke nuna inda hukuncin ya sauka, wato tsakar gida da kasuwa da tsangaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne talaka, mace ko namiji, ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, da sunansa, cikin harshen da yake magana da shi.

Wannan giɓi abin damuwa ne, domin masu iya cike shi suna ƙarewa. Yaron da ya yi wayo a shekarar 1960, lokacin da Najeriya da Nijar suka samu 'yancin kai, yanzu ya haura shekara 70.

Abin da manya suka zaɓi su faɗa

Littafin Babangida, mai suna A Journey in Service, ya ja hankali ne saboda abu guda. Bayan fiye da shekara 30, marubucin ya amsa cewa Cif Moshood Abiola ne ya lashe zaɓen 12 ga Yunin 1993, ya kuma nuna nadamar soke zaɓen. Ya ce alhakin abin da ya faru a zamanin mulkinsa yana wuyansa. Amma a cikin littafin ya kuma bayyana cewa yana Katsina wajen ta'aziyya aka sanar da sokewar, ya jingina abin ga wasu hafsoshi a ƙarƙashin Janar Sani Abacha.

Nan ne mai karatu zai tsaya ya yi tunani. Abacha ya rasu a watan Yunin 1998, Abiola ya bi shi bayan wata guda. Manjo Janar Mamman Vatsa, abokin ƙuruciyar marubucin da aka harbe a watan Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, shi ma ba ya nan balle ya faɗi nasa. Iyalan Abacha sun fito sun musanta abin da aka rubuta a kan mahaifinsu, amma takardar martani ba ta kai littafi daɗewa a duniya ba. Wanda ya fi tsawon rai shi ne ya samu damar yin magana ta ƙarshe.

Wannan bai rage wa littafin amfani ba. Mai karatu zai ga yadda soja ke kallon mulki, da hujjojin da aka kafa wajen kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. Abin da ba zai ji ba shi ne muryar ma'aikacin masaƙa a Kaduna ko malamin firamare a Gusau da ya wayi gari albashinsa ba ya iya sayen abin da yake saye a da, bayan darajar naira ta faɗi. Ba laifin marubucin ba ne, shi nasa ya rubuta.

Haka abin yake idan aka koma baya zuwa My Life na Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda ya fito a 1962. Sashen da ya fi daɗin karatu shi ne na farko, inda ake ganin ƙuruciyarsa a Rabah da karatunsa a Kwalejin Katsina da aikinsa na hakimi. Daga nan littafin ya koma tarukan tsarin mulki da rikicin 1953 a majalisar Ikko kan lokacin da ya dace a nemi mulkin kai. Littafi ne na Firimiya mai ci, wanda ke bayyana wa duniya matsayin Arewa, kuma da wannan ido ya kamata a karanta shi. Shekara huɗu bayan fitowarsa aka kashe marubucin, don haka ba a samu kashi na biyu ba.

Alhaji Shehu Shagari ya fitar da nasa, Beckoned to Serve, a 2001. Akwai natsuwar tsohon malamin makaranta a cikinsa, tun daga aji har fadar shugaban ƙasa da juyin mulkin 31 ga Disambar 1983. Na Malam Nasir El-Rufai kuwa, The Accidental Public Servant na 2013, zafi gare shi, yana ambaton sunaye ba tare da kwana-kwana ba. Shekara guda bayan haka Cif Olusegun Obasanjo ya fitar da My Watch, inda shi ma ya faɗi ra'ayinsa a kan tsohon ministan nasa. Ko ba komai, littafi ya amsa wa littafi, mai karatu ya samu ɓangare biyu.

Duk da bambancin halin marubutan, littattafan nan sun yi tarayya a abu biyu. Kowannensu yana kare matsayin mai shi a gaban tarihi, kuma dukkansu da Turanci aka rubuta su.

Inda ƙagaggen labari ya shiga

Wanda ya ajiye waɗannan ya ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, kamar ya fito daga zauren taro ne ya shiga cikin gida. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa a Kano, Alhaji Abdu, wanda ya auro Delu ya kori uwargida da 'ya'yanta tara. Rabi ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su ta kuma biya kuɗin makaranta. Babu gwamna a labarin, babu minista. Amma akwai lissafin kuɗin cefane, da yadda 'yan uwa ke taruwa su yanke wa mace hukunci, da abin da ke faruwa da yara idan uba ya juya baya.

Ƙarshen littafin ne ya fi tsayawa a zuciya. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, amarya ta kama gabanta, sannan aka taru a kan Rabi ta koma ɗakinta. Mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa ko nasara ta samu ko kuwa an sake ɗora mata kaya. Marubuciyar ba ta yanke masa hukunci ba. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, kuma wannan ciwo ya fito fili a wani littafinta, Wa Zai Auri Jahila?, inda yarinyar da aka hana karatu ta tashi ta nema wa kanta ilimi. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, labarin Rabi ya kai ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Kasuwar Kurmi ba.

Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016, ya taɓo wurin da ba a cika taɓawa ba. Hajiya Binta Zubairu, mai shekara 55 da mijinta ya rasu, ta faɗa mu'amala da Reza, matashi mai shekara 25, dillalin wiwi kuma ɗan bangar siyasa. Masu karatu da yawa za su ji nauyin wannan jigo, kuma suna da dalilinsu. Amma wanda ya daure ya kai ƙarshe zai ga abin da ke ƙarƙashin labarin. Binta uwa ce da al'adar kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunan ɗanta ko nuna masa ƙauna, har ya mutu ba ta yi ba. Reza kuma yaro ne da uwarsa ta tafi ta bar shi. A gidan akwai Fa'iza, yarinyar da ta ga kisa da idonta a rikicin Jos, take ɓuya a cikin littattafan soyayya.

An kafa kwamitocin bincike a kan rikicin Jos, an rubuta rahotanni. Rahoto yana ƙirga gawarwaki da gidajen da aka ƙona. Halin da yarinya ke shiga idan ta ga jini bayan shekaru da faruwar abin, wannan sai a ƙagaggen labari ake samunsa.

Born on a Tuesday na Elnathan John ya bi ta wata hanyar. Ɗantala almajiri ne da ya faɗa cikin yaran da 'yan siyasa ke ba kuɗi lokacin zaɓe. Bayan tarzoma ya gudu ya samu mafaka a wani masallaci a Sakkwato wajen Sheikh Jamal, ya kuma ga yadda wani na kusa da malamin, Malam Abdul-Nur, ya ɓalle ya kama hanyar tsattsauran ra'ayi. Wanda ya tashi a tsangaya zai iya samun wuraren da zai yi wa marubucin gardama. Duk da haka littafin ya yi abin da tarukan ƙara wa juna sani a kan almajirci suka kasa, ya ba almajiri suna da uwa da kewar gida, ya bar shi ya yi magana.

Wannan aiki na ƙagaggen labari ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. A gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, an samu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace, ya ƙetare sahara a hannun wani Balarabe, da uwarsa da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta, ta gan shi a ƙarshen rayuwarta. Malamin makarantar da ya zama Firaministan Najeriya bai bar littafin tarihin rayuwarsa ba, amma ya bar hoton abin da cinikin bayi ya yi wa uwa da ɗa.

A Nijar ma Abdoulaye Mamani ya yi irin wannan da Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Takardun sojan Faransa nasu ɓangaren suka adana. Da labarin baka da ƙirƙira Mamani ya maido wa mutanen Lugu nasu, har Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986.

Sai dai komai ƙarfin ƙagaggen labari, ƙagagge ne. Mai son musu zai ce ai Rabi ba ta taɓa rayuwa ba, Ɗantala kuma tunanin marubuci ne. Shi ya sa ake buƙatar shaidar mutum na gaske.

Baba da Dorugu

Littafin da ya fi kowanne nuna abin da ake asara shi ne Baba of Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877. A tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba.

Baba ba ta riƙe sarauta ba, ba ta yi boko ba, ba ta kuma da wata kujera da take karewa. Shi ya sa labarinta ya fita daban. Ta yi bayanin rinji da zaman bayi da iyayengijinsu, da hare-haren masu kama mutane da yadda ake fanso 'yan uwa, da zuwan Turawa da sauyin da ya kawo wa masu noma da bayi. Ta faɗi aurenta huɗu da dalilin mutuwar waɗanda suka mutu. Ta faɗi rashin haihuwarta da 'ya'yan da ta riƙa. Ta bayyana ƙawance da bikin suna da wankan jego da bori da zaman kishiyoyi, ba tare da ta yi wa kowa ado ba.

Mai karatu na yau zai yi mamakin yadda wasu abubuwan suka sauya, da yadda wasu ke nan kamar jiya. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa da ta addabi Zamfara da Katsina da Kaduna a shekarun nan tana da kama da abin da Baba ta gani tana yarinya. Wanda ya karanta labarinta zai fahimci abin da zaman lafiyar hanya ke nufi ga mutumin ƙauye fiye da wanda ya karanta jawabin kowane gwamna.

Kafin Baba akwai Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar. Ya samu 'yanci a Kukawa, ya bi matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, har Tumbuktu, sannan ya je Turai tare da shi a 1855. A Ingila ya ba wani ɗan mishan mai nazarin harsuna, James Frederick Schön, labarinsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A nan ana ganin bauta da idon wanda aka bautar, ana kuma ganin Turai da idon yaro Bahaushe mai lura da yadda mutanen can ke cin abinci da yadda suke sa tufafi.

Abin lura a nan shi ne duka biyun baƙi ne suka zauna suka saurara suka rubuta. Ba don Mary Smith da Schön ba, da Baba da Dorugu sun tafi da labarinsu kamar yadda dubban irinsu suka tafi. Shekara fiye da 70 bayan rasuwar Baba, ga jami'o'i da sassan nazarin Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, amma da wuya mai karatu ya shiga kantin littattafai ya samu wani littafi irin nata.

Matsalar harshe

Ko labarin Baba, wanda da Hausa ta bayar, da Turanci duniya ta fara karanta shi. Sai a farkon shekarun 1990 aka buga shi da Hausa, kuma ba littafi ne da ake samu a kasuwa cikin sauƙi ba.

Misalin da ya fi ban mamaki shi ne na Alhaji Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka kafa a 1939. Ya rubuta labarin tafiyarsa Ingila da Hausa a Tafiya Mabuɗin Ilmi, kamar yadda Malam Aminu Kano ya yi a Motsi Ya Fi Zama. Amma babban littafin tarihin rayuwar Imam, wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa, da Turanci ya fito.

Sakamakon haka shi ne mutanen da aka mulka ba sa iya karanta bayanin waɗanda suka mulke su. Manomi a Ɗambatta da ya rayu a ƙarƙashin Sardauna da Shagari da Babangida sai dai a fassara masa layi biyu a rediyo, kuma mai fassarar ne zai zaɓi layin. An tara biliyoyin naira a wajen ƙaddamar da littafin Babangida don gina ɗakin karatu na tunawa da mulkinsa. Kaso kaɗan daga irin wannan kuɗi ya isa a fassara littafin da wasu goma irinsa zuwa Hausa, a sayar da su a farashin da ɗalibi zai iya.

Ba za a ce babu masu karatu ba. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, an ga yadda mata da matasa ke sayen littafi da kuɗinsu, suna ba juna aro har bango ya yage. Yanzu karatun ya koma waya, ana tura labari shafi-shafi ta WhatsApp, ana sauraron wasu a YouTube. Littafin Shata Ikon Allah! da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 kan rayuwar Alhaji Mamman Shata ya nuna cewa Hausa na iya ɗaukar babban littafin tarihin rayuwa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke da abin faɗa idan an buɗe masu ƙofa.

Gyara a ɓangaren marubuta

Adalci ne a faɗi cewa ƙagaggun labaran ma suna da nasu rauni. Da yawa daga waɗanda ke yawo a waya a yau labari ɗaya ne ake sauya wa suna: attajiri matashi, gida mai hawa, yarinya 'yar talakawa, sai muguwar uwar miji. Ana rubutu cikin gaggawa don kada masu bibiya su gudu, babu edita, babu kula da ƙa'idar rubutu. Wasu kuma sun mai da batsa hanyar samun kasuwa. Wannan ne ke ba masu son rufe bakin marubuta hujja, kamar yadda aka gani a Kano a 2007 lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya.

Ƙona littafi bai taɓa gyara rubutu ba. Edita nagari da mai sharhi mai gaskiya da mai karatu da ya san abu mai kyau su ne ke gyara shi. Marubuciyar da ke neman labari ba ta buƙatar ƙirƙiro attajiri a Dubai alhali kakarta na ɗaki da labarin yunwar 1973, da na mijinta da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, da na tafiyar Hajji ta ƙasa da wasu danginta suka yi suka maƙale a Sudan har suka zama 'yan can.

Abin da ya kamata a yi

Na farko yana hannun kowa. Wayar da ake karanta wannan sharhi da ita tana ɗaukar murya. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida zai iya zama da su na awa guda a mako, da izininsu, ya tambaye su garin da aka haife su, da sana'ar iyayensu, da yadda aka yi aurensu, da shekarar da ta fi masu wuya. Ba sai an jira wani daga Turai ba. A ajiye muryar a wuri fiye da ɗaya, a rubuta sunan mai magana da ranar da aka ɗauka.

Na biyu yana kan jami'o'i. Ɗaliban sashen Hausa da na tarihi suna rubuta kundin kammala karatu duk shekara. Idan aka ware wani kaso don tattara tarihin rayuwar ungozoma da maƙeri da direban tirela da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da malamar Islamiyya, aka zaɓi mafi kyau aka buga, cikin shekara goma za a samu taskar da babu irinta.

Na uku yana kan masu shirya gasa da ƙungiyoyin marubuta. Yawancin gasannin da ake da su na ƙagaggun labarai ne da waƙa. Ya kamata a buɗe rukuni na labarin rayuwa na gaskiya, da sharaɗin kare mutuncin waɗanda aka ambata.

Na huɗu yana kan manyan da ke shirin rubuta nasu, da iyalan waɗanda suka riga suka rubuta. Su sa fassarar Hausa cikin kasafin aikin tun farko, su kuma yarda a karanta ta da murya don waɗanda ba sa karatun boko. Shugaban da ya nemi ƙuri'a da Hausa, ya dace ya yi bayanin abin da ya yi da ita da Hausa.

Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama saboda siyasar NEPU da neman 'yancin mata, ta rasu a 2001. Yawancin abin da aka sani game da ita ta alƙalamin wasu aka same shi. Matan da suka yi gwagwarmaya tare da ita, waɗanda sunansu bai shiga jarida ba, kusan duk sun tafi ba wanda ya tambaye su komai. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu waƙar da suka rage tsofaffi ne, kuma kowace damina da ta wuce tana tafiya da wasu daga cikinsu.